Yadda Mai Hoto Zai Gane Ko Lokacin Sabunta Manhajar Gyaran Hoto Ya Yi

Kusan duk watan Oktoba kamfanin Adobe kan fitar da sabuwar sigar Photoshop da Lightroom Classic, sauran kamfanoni ma kowa da nasa lokacin. Sai saƙo ya ɓullo a gefen allo yana neman ka danna ka sabunta. Wanda ke cin abinci da hoto bai kamata ya danna don kawai saƙo ya fito ba, haka kuma bai kamata ya ƙi don tsoro ba. Abu uku ne ke yanke hukunci: fayil ɗin da kyamararka ke fitarwa, ƙarfin kwamfutarka, da lokacin da aiki ke cinye maka. In tsohuwar manhaja ba ta gaza a ko ɗaya daga cikinsu ba, kuɗinka da datarka sun fi amfani a wani wurin. Bayanin nan ya fi karkata ga Lightroom da Photoshop, domin su ne a hannun yawancin masu hoton biki da na situdiyo, amma matakan suna aiki ga Capture One da DxO PhotoLab da makamantansu.

Mataki na 1: San sigar da ke hannunka

Buɗe manhajar, shiga Help, ka zaɓi System Info. Layin farko zai nuna maka lambar siga. Rubuta ta a takarda, tare da sunan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da yawan RAM (ma'ajiyar da take aiki da ita a lokacin) da sunan katin girafik (sashen da ke sarrafa hoto a allo), duk suna cikin wannan shafin.

Sabuntawa iri uku ce, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ƙarama, wadda lambar bayan ɗigo ce kawai ke canzawa, kamar daga 14.1 zuwa 14.2, galibi gyaran kurakurai ne da ƙarin sababbin kyamarori. Akwai babba, wadda lambar farko ke canzawa, daga 13 zuwa 14. Wannan kan taɓa katalog, wato fayil ɗin da Lightroom ke riƙe jerin hotunanka da gyare-gyarensu a ciki, kuma takan ɗaga ƙarfin kwamfutar da ake buƙata. Sai ta uku, wadda ita ce mai nauyi: barin manhajar da aka saya gaba ɗaya a koma ta biyan wata-wata, ko a koma ta wani kamfani dabam. Photoshop CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da Adobe ya sayar sayen gaba ɗaya, a 2013 ya koma tsarin biyan wata-wata. Lightroom 6 ya fito a 2015, gyaransa na ƙarshe, 6.14, ya zo a Disambar 2017. Duk wanda ke kan waɗannan biyun, sabuntawa a wurinsa tana nufin barin gidan kansa ya shiga gidan haya, kuma da idon haya ya kamata ya auna ta.

Mataki na 2: Rubuta inda take ba ka wahala

Kafin ka kalli bidiyon talla ko ɗaya, yi aikin biki guda ko na mako guda a situdiyo da takarda a gefenka. Duk inda manhajar ta tsayar da kai, rubuta abin da ya faru da mintunan da ya ci: fayil ya ƙi buɗewa, hotunan dare sun yi yashi-yashi, ware amarya daga bango ya ɗauki minti huɗu, fitar da hoto 300 ya ci awa guda. In takardar ta tashi babu komai, ka sami amsarka, ka rufe saƙon ka ci gaba da aiki. In kuwa ta cika, kowane layi sai a duba shi a ga ko laifin manhaja ne, ko na kwamfuta, ko na yadda aka ɗauki hoton tun farko. Hoton da fokas ya kuɓuce masa, ko wanda farar shadda ta ƙone da haske har babu sauran zare a cikinta, sabuwar siga ba za ta dawo da shi ba.

Mataki na 3: Kyamara

Wannan shi ne dalilin da ya fi tilasta wa mutane sabuntawa, kuma shi ne wanda aka fi samun hanyar kauce masa.

Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoto kamar yadda kyamara ta ɗauka kafin a sarrafa shi, ba iri ɗaya ba ne. Canon na da CR2 da CR3, Nikon na da NEF, Sony na da ARW, Fujifilm na da RAF. Ko da ƙarshen sunan ya zo ɗaya, kowace kyamara da nata tsarin a ciki, sai kamfanin manhaja ya ƙara sunanta sannan fayil ɗinta ya buɗe. Shi ya sa NEF na tsohuwar Nikon zai buɗe, na sabuwa ya ƙi, a manhaja guda. Canon ya fara CR3 ne a 2018 da EOS M50, don haka Lightroom 6 bai san shi ba sam. Photoshop CS6 kuwa Camera Raw ɗinsa, sashen da ke buɗe masa RAW, ya tsaya a 9.1.1 tun 2015. Haka mai karɓar hotunan waya daga kwastomomi zai ci karo da HEIC, nau'in fayil ɗin hoto wanda iPhone ya koma kansa a 2017, tsofaffin manhajoji ba sa karanta shi.

Mai ɗaukar JPEG zalla wannan matakin bai shafe shi ba. JPEG na sabuwar kyamara zai buɗe a manhajar da ta shekara goma.

Ga mai RAW, hanya biyu ce ta kyauta kafin a kai ga biyan kuɗi. Ta farko ita ce Adobe DNG Converter, mai juya RAW na kyamara zuwa DNG, nau'in RAW na Adobe. Sauke sabuwar sigarsa, nuna masa foldar da RAW ke ciki (folda yake karɓa, ba fayil ɗaya-ɗaya ba), zaɓi inda zai zuba sakamako, sannan ka shiga Change Preferences ka sa Compatibility a kan Camera Raw 7.1 and later. Fayilolin DNG da zai fitar za su buɗe a Lightroom 6 da CS6. Kada ka goge na asali bayan juyawa, domin manhajar kamfanin kyamara, irin ta Canon, ba ta buɗe DNG, kuma wata rana za ka iya buƙatar ta. Wannan na nufin wurin ajiya zai kusa ninkawa: kyamara mai megafiksel 24 kan fitar da RAW mai kimanin megabait 25 zuwa 30, don haka hoto 1,000 na biki guda ya kai gigabait 25 zuwa 30, da DNG ɗinsu kuma ya doshi 50 ko fiye. Sannan tsohuwar manhaja ba ta da bayanan gyaran sababbin lensuna, sai ka riƙa gyara lanƙwasa da duhun kusurwa da hannu. Kuma shi kansa DNG Converter sabo yana neman Windows ko macOS na kusa-kusa, ba zai hau kan Windows 7 ba.

Hanya ta biyu ita ce manhajar kamfanin kyamarar: Digital Photo Professional ta Canon, NX Studio ta Nikon, Imaging Edge ta Sony. Kyauta ne, kuma launin da suke bayarwa shi ne mafi kusa da wanda ka gani a bayan kyamara. A can za ka daidaita haske da farin launi, ka fitar da TIFF (nau'in fayil da ba ya rage ingancin hoto), ka ƙarasa a tsohon Photoshop ɗinka. Aibinsu shi ne rashin sauri, da girman fayil: TIFF mai bit 16 daga megafiksel 24 ya kai wajen megabait 144. Ga mai situdiyo da ke gyara hoto 20 a rana wannan ba komai ba ne. Ga mai biki da ke dawowa da kati cike duk ƙarshen mako, ƙarin mataki ne da zai gundure shi cikin wata guda, kuma a nan ne sabuntawa ta fara samun hujja ta gaskiya.

In kana shirin sayen sabuwar kyamara, nemi RAW ɗinta guda biyu ko uku daga wanda ke da ita, ka gwada su a kwamfutarka kafin ka biya. Kuɗin manhaja yana cikin kuɗin kyamara.

Mataki na 4: Kwamfuta

A nan mutane suka fi yin asara. Sabuwar siga ba ta sa tsohuwar kwamfuta sauri; sau da yawa ma nauyi take ƙara mata. Shiga shafin kamfanin ka karanta abin da sigar ke buƙata, ka dubi layin da suka ba da shawara, ba na mafi ƙaranci ba. Mafi ƙarancin yana nufin manhajar za ta buɗe ne kawai.

A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka bar shi a buɗe kana aikinka na yau da kullum. Abin da za ka duba ke nan:

RAM. Gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 shi ne inda aiki ke tafiya, musamman in kana buɗe Lightroom da Photoshop tare. In tun a tsohuwar siga Memory na haura kashi 85 cikin ɗari, ƙarin RAM ya kamata ka fara saya.

Faifan ajiya. In layin Disk na maƙalewa a kashi 100 kuma faifan mai juyawa ne, SSD, faifai mai sauri marar juyawa, zai yi maka abin da babu sabuntawar da za ta yi. Manhaja da katalog su zauna a SSD, hotunan da aka gama su koma faifan waje. Bar aƙalla gigabait 50 babu komai a faifan tsarin, in ba haka ba Photoshop zai fara kukan scratch disks are full a tsakiyar aiki.

Furosesa. Sababbin sigogin Photoshop da Lightroom Classic suna neman furosesa mai abin da ake kira AVX2. Intel ya fara sa shi a Core na zubi na huɗu, a 2013. Kwamfutocin hannu da yawa da ke kasuwa zubi na biyu ne ko na uku, kamar i5-2520M ko i5-3320M; a irin waɗannan, lambar farko bayan layin ita ce zubin. Wasu Celeron da Pentium ma, ko da sun zo daga baya, ba su da shi. In babu shi, manhajar ba za ta shiga ba, kuma ba abu ne da ake ƙarawa ba.

Katin girafik. Duk sababbin kayan aikin da ake yi wa talla, na rage yashi-yashi da na gano mutum a hoto, a kansa suke gudu. Kwamfutar da ba ta da kati na musamman, sai ɗan ƙaramin da ke haɗe da tsohon furosesa, za ta yi aikin amma da jan ƙafa, hoto ɗaya na iya cin mintuna. Kati mai gigabait 4 zai tafi, mai 8 ya fi sakewa. A lokacin bazara kuma ka sa zafi a lissafi: kwamfutar cinya da ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone, sai aikin da ya fara da sauri ya koma rarrafe bayan hoto na goma. Share ƙurar fanka da ɗaga bayan kwamfutar daga tebur suna taimakawa ƙwarai.

Tsarin kwamfutar. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 na neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, wanda tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi. A Mac, Adobe kan tallafa wa sabon macOS ne da biyun da suka gabace shi. Akwai kuma tarkon da ke zuwa ta baya: tun macOS Catalina na 2019 Apple ya daina karɓar manhajojin bit 32, abin da ya sa ba a iya girka CS6 ko Lightroom 6 sabo a kansa. Mai riƙe da tsohuwar manhaja ya yi hattara da sabunta tsarin kwamfutarsa, kada ya rufe wa kansa ƙofa.

In kwamfutar ta faɗi a furosesa ko a tsari, tambayar ta tashi daga sabunta manhaja ta koma sayen kwamfuta, lissafin kuma ya canza gaba ɗaya.

Mataki na 5: Auna sababbin kayan aikin da agogo

Cikin abin da aka ƙara a 'yan shekarun nan, uku ne suka cancanci mai hoton biki ya tsaya a kansu.

Na farko ware sassan hoto da kanta. Lightroom Classic 11, a Oktoban 2021, ya zo da Select Subject da Select Sky. Siga ta 12 a 2022 ta ƙara gano mutane, har ta raba fatar fuska da idanu da leɓe da gashi. Wannan shi ne mafi amfani, domin za ka iya haska fuskar ango ba tare da ka ƙona farar babbar rigarsa ba, sannan ka kwafa gyaran zuwa sauran hotunan ta sake gano mutumin a kowanne. A ce tana rage maka daƙiƙa 20 a hoto, a hoto 200 ka tsira da fiye da awa guda a biki ɗaya. Mai biki huɗu a wata ya san darajar wannan.

Na biyu Denoise, mai rage yashi-yashin hoto, wanda ya zo a Afrilun 2023. A kan RAW aka gina shi, mai JPEG kada ya sa rai da shi. A hotunan kamu da na dina, inda ɗakin taro ke da duhu aka ɗaga ISO (ƙarfin karɓar haske na kyamara) zuwa 6400, bambancinsa da tsohuwar hanya a fili yake. Sai dai shi ne ya fi komai cin katin girafik. In kwamfutarka na ɗaukar minti uku a hoto, hoto 100 awa biyar ke nan, ga wuta ba tabbas. Kayan aikin da ba za ka iya jiran sa ba, daidai yake da babu.

Na uku masu ƙirƙiro abin da babu a hoto: Generative Fill na Photoshop, daga 2023, da Generative Remove na Lightroom, daga 2024. Suna cire wayar lantarki ko mutumin da ya gifta a baya da kyau. Amma a kwamfutocin kamfanin ake yin aikin, don haka kowane gwaji sai da intanet, ranar da sabis ya yi rauni kuma ka tsaya. Mai hoton fasfo da na katin shaida ba shi da abin yi da su, domin irin wannan hoton ba a yarda a sauya kamannin mai shi ba.

Koma kan takardarka ta mataki na 2. Duk sabon abin da bai amsa wani layi a cikinta ba, cire shi daga lissafi.

Mataki na 6: Kuɗi

Yi lissafin shekara uku, ba na wata guda ba. A ɗauka kuɗin dala 20 ne a wata: 240 a shekara, 720 a shekara uku, kuma da dala ake lissafin, don haka duk ranar da canji ya tashi kuɗinka ya tashi. Raba kuɗin wata da yawan ayyukan da kake samu, ka ga nawa ke hawa kan kowane aiki, kana tuna cewa watan da babu biki ma sai an biya. Ƙara kuɗin data, domin manhajojin nan gigabait da dama ne wajen saukewa, da kuɗin RAM ko SSD in mataki na 4 ya nuna buƙatarsu. Tabbatar kuma katin bankinka na biyan kuɗin waje, domin bankuna sun sha taƙaita hakan.

Karanta sharaɗin kafin ka sa kati. Tsarin Adobe da ake kira na shekara mai biyan wata-wata yarjejeniyar shekara ce: in ka fasa bayan kwana 14, za a caje ka rabin abin da ya rage. Gwajin kyauta na kwana bakwai ma da kati ake shigarsa, kuma yana juyewa zuwa biya da kansa in ba ka soke ba. Manhajar na zama a kwamfutarka, ba sai da intanet take aiki ba, amma takan nemi tabbatar da biya: mai tsarin shekara na iya kai kwana 99 babu intanet, mai na wata-wata kwana 30. In ka daina biya, Photoshop zai rufe. Lightroom Classic kuwa zai bar maka sashen Library, ka ga hotunanka ka fitar da su da gyaran da ka riga ka yi, amma sashen Develop ya kulle.

Akwai waɗanda ba a biya. GIMP ya fitar da siga ta 3.0 a Maris 2025. darktable da RawTherapee na gyara RAW sosai, sai dai koyon su na son haƙuri. Affinity, wanda Canva ya saya a 2024, ya koma kyauta a ƙarshen Oktoban 2025. Yana buɗe PSD, fayil ɗin Photoshop, kuma ya ishi aikin gyaran fata da haɗa shafukan albam, amma ba shi da katalog irin na Lightroom. Abin da ya kamata ka sani kafin ƙaura shi ne gyaran da ka yi a Lightroom ba ya bin ka yadda yake. Taurari da kalmomin nema za su iya tafiya, amma launi da haske kowace manhaja da nata lissafin. Tsofaffin ayyukan da kake son su zauna yadda kwastoma ya karɓe su, fitar da su a JPEG mai cikakken inganci ko TIFF tun kafin ka tashi.

Maganar manhajar da aka fasa, wadda ake zuba wa mutane a filas a kasuwa, ba za a tsallake ta ba. Ban da haƙƙin masu ita, haɗarinta a kan aikinka yake. Kafin ta shiga sai an ce ka kashe rigakafin kwamfuta, kuma ta wannan ƙofar ƙwayoyin da ke kulle fayiloli da masu satar lambobin sirri ke shigowa. Kwamfutar mai hoto cike take da amanar mutane, hotunan matan aure da na 'yan mata da ba a ɗauka don duniya ta gani ba. Wanda ba zai iya biya ba, na kyautan nan sun fi masa alheri nesa ba kusa ba.

Mataki na 7: Tanadi hanyar komawa

In ka kai nan kuma sabuntawa na da hujja, kada ka danna tukuna.

Idan babbar siga ta buɗe katalog ɗinka, takan juya shi zuwa sabon tsari ta ajiye tsohon a gefe. Sabon ba zai taɓa buɗewa a tsohuwar siga ba. Ma'ana, in ka yi aikin mako biyu sannan ka ga sabuwar ba ta yi maka ba, tsohon katalog zai mayar da kai ranar da ka sabunta ne, babu gyaran mako biyun. Don haka:

Rufe Lightroom, ka kwafi foldar katalog gaba ɗayanta zuwa faifan waje. A ciki akwai fayil mai ƙarshen .lrcat, kuma daga siga ta 11 akwai .lrcat-data, inda bayanan ware sassan hoto ke zama. In ka bar shi a baya, wannan aikin ya tafi. Ajiyar da Lightroom ke yi da kanta lokacin rufewa katalog ne kawai, babu hoto ko ɗaya a cikinta, hotuna sai ka kwafe su dabam.

Kafin rufewar, zaɓi duk hotuna a Library ka danna Ctrl da S. Wannan zai rubuta gyaran kowane RAW a ɗan ƙaramin fayil .xmp kusa da shi. Ba ya ɗaukar Collections da Virtual Copies da tarihin gyara, amma ya ceci mafi yawan aikin.

Fitar da firiset ɗinka na Lightroom (saitin gyaran da ka ajiye don maimaitawa), da Actions na Photoshop masu ƙarshen .atn, da burusai masu .abr, ka tara su a folda guda. Rubuta sunayen ƙarin manhajojin da ka jona wa Photoshop, irin na gyaran fata, ka duba ko masu su sun ce suna aiki da sabuwar siga. Mai wanke hoto a shagonsa ya duba direban firinta ma.

A manhajar Creative Cloud, wadda ake girka manhajojin Adobe ta cikinta, kashe sabuntawa ta kai-tsaye. Lokacin sabunta Photoshop, cire alamar da ke kan Remove old versions, sai tsohon da sabon su zauna tare. Lightroom Classic siga guda yake zama da ita, amma ana iya komawa ta baya ta hanyar Other versions.

Mataki na 8: Gwada da hotunanka

Ƙirƙiri sabon katalog na gwaji, ka zuba masa kwafin hotuna 30 zuwa 50, kada ka buɗe na aikinka. Zaɓi masu wuya: na dare a ɗakin taro mai fitilu masu launi, na tsakar rana da farar shadda, na amarya a kusa, na taron dangi mai mutum 20, da na lensin da ka fi amfani da shi.

Gyara kowanne a tsohuwar da sabuwar, kana duba agogo. Sannan ka zuƙo hoton zuwa kashi 100 ka bi shi a hankali. Dubi hannun amarya: siraran layukan lalle suna nan a tsaye, ko Denoise ya narkar da su sun koma tabo? Dubi ramukan leshi da zaren aikin wuyan babbar riga. In sun yi sumul kamar roba, rage ƙarfin Denoise daga 50 da yake zuwa da shi, ka sauko wajen 30 ka sake dubawa. Gwada gano mutum a kan mai gyale mai shara-shara da mai ɗaurin ɗankwali mai tsayi, domin a gefen irin waɗannan ne yakan bar wani siririn haske da ke tona gyaran. Duk inda ka yi amfani da mai ƙirƙira kusa da mutum, ƙirga yatsu ka dubi zanen atamfa, yakan ƙago abin da babu.

Launin fata shi ne babban ma'auni. Tun Afrilun 2018 Lightroom ya sauya launin da yake fara buɗe RAW da shi daga Adobe Standard zuwa Adobe Color, wanda ya fi kaifi da cikar launi. Mai tasowa daga Lightroom 6 zai ga fatar mutane ta ƙara ja, inuwa ta ƙara duhu, har ya zaci firiset ɗinsa ne suka lalace. Shiga Profile a saman sashen Basic ka mayar da shi Adobe Standard, ko ka zaɓi na kyamararka, ka kwatanta. Tsofaffin hotunan da ka riga ka gyara suna zama a kan tsohon lissafinsu. In ka ga wata 'yar alamar walƙiya a ƙarƙashin histogiram (zanen hasken hoto da ke saman dama), tayin sauya su zuwa sabon lissafi ne. Kada ka karɓa a kan aikin da aka riga aka miƙa, domin ranar da kwastoma ya dawo neman ƙarin wanki, launin ba zai zo ɗaya da na albam ɗinsa ba.

Daga ƙarshe fitar da hoto biyar a tsarin launi na sRGB daga kowace siga, ka kai su wurin wankin da ka saba, ka jera takardun a hasken rana. Tura biyu kuma zuwa waya ta WhatsApp, tunda a nan mafi yawan kwastomomi za su fara ganin su. Auna kuma lokacin fitar da hoto 50 a kowace siga. In sabuwar ta fi nawa kuma ba ta rage maka lokacin gyara ba, ka tsaya inda kake.

Mataki na 9: Zaɓi rana

Kada ka sabunta da aikin kwastoma a hannu, ko ana gobe Sallah, ko a tsakiyar bukukuwan ƙarshen shekara. Nemi makon da aiki ya lafa. Siga mai ƙarewa da .0 kuma a ɗaga mata ƙafa, a jira .1 ko .2, domin kurakuran farko a nan ake gyara su. Ranar girkawa a tabbatar batir a cike yake ko inbata na aiki, musamman lokacin da ake juya katalog. Ɗaukewar wuta a wannan gaɓar na iya lalata sabon fayil ɗin, sai an sake daga kwafin da ka ajiye.

Bayan sabuntawa, abu uku aka fi cin karo da su. In hoto ya fito baƙi ko allon na ƙyaftawa, direban katin girafik ne ya tsufa: sauke sabo daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel, in bai warware ba ka shiga Preferences, sashen Performance, ka kashe Use Graphics Processor na ɗan lokaci. In ka buɗe ka tarar babu hotunanka, ba su ɓata ba, wani katalog ne ya buɗe. Duba File, Open Recent, ka zaɓi wanda aka juya. In kuma manhajar ta yi nauyi a kwanan farko, galibi ƙananan hotunan dubawa take sake ginawa, a bar ta ta kwana a kunne kafin a yanke mata hukunci.

Tsohon katalog da tsohon Photoshop su ci gaba da zama har sai ka kammala ayyuka biyu ko uku cikakku a sabuwar siga, tun daga zuba kati har zuwa wanki. Bayan nan sai ka mayar da tsohon katalog faifan waje, ka sa masa kwanan wata da lambar sigarsa a sunan folda, sannan ka goge shi daga SSD.